Na Rubuta "Kaɗa", Na'ura Ta Buga "Kada"

Gwaggo mai ba da shawara a wannan shafi, don girman Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe ko da ta yi miki tsawo. Yau kwana tara ke nan ina yawo da magana a ciki, ta hana ni ci, ta hana ni sakat.

Ni mai rubuta manhajar kwamfuta ce. Ni ce auta a gidanmu, kuma ni kaɗai na karanci wannan fanni, shi ya sa duk wanda wayarsa ta ƙi kunnuwa a dangi ni yake nema, kamar gyaran waya na yi shekara huɗu ina koyo. Yayata ce ta riƙe ni tun da mahaifiyarmu ta rasu ina aji uku na firamare. Mijinta likita ne, yana da asibiti mai zaman kansa da ƙaramin reshe guda a bayan tashar mota. Kowa Likita yake ce masa, har ita Yaya.

Bara ne ya ce ya gaji da yadda marasa lafiya suke komawa gida da magani ba su san yadda za su sha ba, don umarnin da ake rubutawa a jikin kwalba da Turanci ne, kuma a gajarce. Yana so a riƙa buga 'yar takardar da ake mannawa a jikin magani da Hausa. Har ya fara magana da wani kamfani, sai Yaya ta ce masa, "Ga ta a gida kana neman na waje?" Ya dube ni ya yi dariya, ya ce to Auta, a nuna mana abin da aka koyo. Gwaggo, ranar kamar in tashi sama. Wata biyu na yi a kan aikin. Na gwada a kwamfutata, na gwada a kwamfutocin babban asibiti, komai ya fito tsaf, ƙ da ɗ da ɓ kowanne da ƙugiyarsa. Likita har ɗaukar kwalba yake yi yana nuna wa abokansa.

Sai aka zo reshe. Kwamfutar da ke can tsohuwa ce, jikinta har ya yi ruwan ɗorawa, in an kunna ta ƙara take yi kamar injin niƙa, kuma tsarin da ke tafiyar da ita daban yake da na sauran. Bari in ɗan yi miki bayani, don a nan masifar take. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Kowane harafi da lambarsa da gurbin da ake ajiye shi. Tsofaffin na'urori gurbinsu ƙarami ne, haruffa 'yan ɗari biyu da wani abu kawai suke ɗauka, kuma babu namu masu ƙugiya a ciki. Namu sai an ba su gurbi mai faɗi. Sannan su kansu na'urorin ba su yi ittifaƙi a kan faɗin gurbin ba, wannan da nata awo, waccan da nata. Sai ki rubuta abu a nan ya fito daidai, ki kai shi can ya rikice. Aikin mai manhaja ne ya tabbatar rubutunsa ya fito iri ɗaya a kowace na'ura. An koya mana wannan. Na ma ci jarrabawarsa.

A makon farko na aiki a reshe, duk inda akwai harafi mai ƙugiya sai wani ɗan akwati ko alamar tambaya ya fito a wurinsa. Likita ya kira ni yana faɗa: "Auta, wane irin zane-zane ne wannan a jikin maganin mutane? Ki cire mana akwatunan nan kafin gobe." Gyara na gaskiya zai ci mini mako biyu, ko kuma a sauya kwamfutar gaba ɗaya, ga shi a lokacin na karɓi wani aikin da ake jira. Sai na rubuta layi uku kacal a cikin manhajar: in na'ura ba ta gane harafi ba, ta sa ɗan'uwansa marar ƙugiya. Ƙ ya koma k, ɗ ya koma d. Akwatuna suka ɓace, kowa ya yi murna. Na ce wa kaina zan dawo in yi shi yadda ya kamata. Wata bakwai ke nan ban dawo ba. Kuma ba wanda ya lura, don dukanmu mun saba da "daya" da "karfe" a saƙon waya, ido ya daina ganin bambancin.

Mai ba da magani a reshen wata dattijuwa ce da muke kira Anti Mai Magani. Shekararta goma sha tara a wannan taga. Ta san majinyata da sunayen 'ya'yansu, in tsohuwa ta zo sai ta fito daga bayan kanta ta zaunar da ita tukuna. Lokacin da nake tsara kalmomin da za a riƙa bugawa, ita na zauna da ita. Da muka zo kan maganin ruwa na yara, wanda ƙwayarsa take kwanciya a ƙasan kwalba, ta ce in rubuta "Girgiza kafin ka sha." Na ce takardar ƙarama ce, layin ba zai ɗauka ba, bari mu sa "Kaɗa ka sha." Ta ce, "To, ku ne masu boko." Gwaggo, kin ga inda aka dosa ko? Ni ban gani ba. Wallahi ban gani ba.

Mako uku da suka wuce aka kawo wata yarinya 'yar shekara biyu babban asibiti, numfashi yana fita da ƙyar. Ashe kwana biyar kafin nan an kai ta reshe da ciwon ƙirji, aka rubuta mata maganin ruwa. Uwar ta wuce gida da yarinyar, kakar ce ta tsaya karɓar magani. Anti ta yi mata bayani da baki, amma tsohuwar kunnenta ya yi nauyi, ga hayaniyar tasha, abin da ta kai gida kawai shi ne an ce sau uku. Uwar ta ɗauki kwalba ta karanta. Ga abin da ke jiki: "Kada ka sha. Cokali daya, sau uku a rana." Ta yi tunani, ciwo a ƙirji yake, an ce kada a sha, to na shafawa ne ke nan. Kwana biyar baiwar Allah tana auna cokali ɗaya tana shafa wa 'yarta a ƙirji, safe, rana da yamma, ba ta tsallake ko sau ɗaya ba.

Da Likita ya ga kwalbar, bai ɓata lokaci ba. Ya buɗe bayanan yarinyar a kwamfutar ofishinsa ya sake buga takardar, ta fito daidai: "Kaɗa ka sha." Ya kira ni, ya ajiye takardun biyu a gabana, ya tambaye ni ko manhajata za ta iya buga abu ɗaya iri biyu. Na ce ba zai yiwu ba. Da ƙarfin gwiwata na faɗa, har da ɗan jin haushi. Layukan nan uku sun fice mini daga kai fit, kamar ba ni na rubuta su ba. Na ma ƙara da cewa manhajar tana ba mai ba da magani damar gyara rubutu da hannu kafin ya buga, ƙila a nan aka samu matsala. Da bakina na faɗi wannan.

Aka kira Anti. Ina zaune ta shigo. Ta ɗauki kwalbar, ta nesanta ta da idonta, ta matso da ita, ta sake nesantawa. Sai ta ce, "Likita, ban tuna na taɓa rubutun ba. Amma kwanan nan idona ya fara ba ni wahala. Ƙila ni ce." Ya dakatar da ita nan take, ya ce ƙarshen wata zai rubuta wa hukumar da ke ba su lasisi. Ta cire farar rigarta ta ninke, ta ajiye makullin ɗakin magani a kan tebur, ta ce a gaishe da uwar yarinyar. Ni kuma ina gefe ina jin tausayinta, ina cewa a raina tsufa ba daɗi.

Bayan kwana goma sha biyu aka tura ni reshe in nuna wa wadda aka ɗauka ta wucin gadi a madadin Anti yadda ake aiki da manhajar. Kafin ta iso na ce bari in buga takarda guda ta gwaji. Na zaɓi maganin ruwa, na danna. Na'urar ta yi ƙugi ta turo takardar. Na duba. "Kada ka sha."

Gwaggo, na tsaya ina kallon takardar. Kunnena ya toshe, na daina jin ƙarar tashar gaba ɗaya. Na sake bugawa, na sake, har sau shida, kamar wadda ta zautu, ko wata za ta fito daban. Duk iri ɗaya. Sai a lokacin layukan nan uku suka faɗo mini. Na buɗe manhajar, ga su nan, har da 'yar tunatarwar da na rubuta wa kaina a gefe cewa na wucin gadi ne, a gyara.

Daga nan na duba bayanan wata bakwai. Kwalba ɗari biyu da goma sha huɗu suka fita daga wannan taga da "Kada ka sha" a jikinsu. Ɗari biyu da goma sha huɗu! Na sani yawancinsu bayanin bakin Anti ne ya cece su, ba su ma kalli takardar ba. Amma sauran fa? Na ci gaba da dubawa, na ga maganin ido da aka ce a ɗiga ya koma "diga", na ga ciwon ƙashi ya koma abin da ba zan rubuta miki ba. Da a wani wuri na ga wannan da na yi dariya har da hawaye. Ranar kuwa ko murmushi ban yi ba.

Ga abin da ya fi ba ni kunya. Na ji takun sabuwar ma'aikaciyar a waje, sai na yi sauri na goge "Kaɗa ka sha" na sa "Girgiza sosai", kalmar da Anti ta ce tun farko, wadda ashe in an rage girman rubutu kaɗan tana shiga layin. Na tattara takardun gwajin shida na cusa a jaka. Yanzu duk wanda ya buga, daidai zai fito. Ba wanda zai taɓa sani sai in ni na faɗa.

Na je na duba yarinyar. Alhamdu lillahi an cire mata robar iska, ta fara zama tana wasa da murfin kwalba. Uwar ba ta san ko ni wace ce ba, ta ɗauka ma'aikaciya ce. Ta riƙe ni da hira, tana ba ni labarin yadda maganin yake danƙo har tururuwa suna bin rigar yarinyar, ita kuma tana ta mamakin wane irin man shafawa ne mai zaƙi haka. Ta ce dangin mijinta sun sa ta a gaba, wai ita da take taƙamar ta yi makaranta ga inda karatun ya kai su. Ita da surukarta, kakar yarinyar, ko gaisawa ba sa yi yanzu. Ta ce da ba ta iya karatu ba da ta koma ta tambaya. Na tsaya ina gyaɗa kai kawai.

Mijina kaɗai na faɗa wa. Ya ce tun da na gyara, kuma yarinya ta samu sauƙi, in bari ƙura ta lafa. Ya ce in lallaba Likita ta hannun Yaya ya mayar da Anti ba tare da an tona komai ba. A ganinsa in na faɗa, maganar za ta iya kaiwa kotu, sunana ya ɓaci a sana'ar da ban ma daɗe da farawa ba, kuma Yaya ce za ta sha gori a gidan aurenta tun da ita ta tsaya mini. Ba mugun mutum ba ne, tsoro yake ji mini. Ni ma ina ji. Yayar nan tawa ta ɗauke ni ina 'yar shekara takwas, ba ta taɓa nuna mini bambanci da 'ya'yanta ba. Da wane ido zan dube ta in ce na kusa kashe 'yar mutane a asibitin mijinta, kuma na bari an kori wata a kan laifina?

Da ƙila na bi shawararsa. Amma jiya da hantsi Anti ta kira ni. Ta tambayi jikin yarinyar, ta ce ta je an auna idonta har ta karɓo tabarau. Sannan ta ce tana neman alfarma. Wai tun da ni ce na iya kwamfuta, in taimaka in buga mata takardar neman gafara zuwa ga Likita da iyayen yarinyar, ta amsa laifinta, ko zai sassauta abin da zai rubuta wa hukuma. Ta ce ita ba ta iya tsara magana ba, in gyara mata yadda zai yi kyau. Na ce mata to. Gwaggo, "to" na ce! Jibi take jira na a gidanta.

Me zan yi? In na faɗa, wa zan fara faɗa wa, kuma ta yaya? In na yi shiru, akwai wata hanya da zan fitar da Anti ba tare da na rusa gidan Yaya ba? Don Allah kada ki ɓoye mini komai, ko zagina ne ki yi.

Taki,
Auta, wadda ta rasa inda za ta sa kanta

*

'Yata Auta,

Ba zan zage ki ba, kin riga kin yi wa kanki wanda ya fi nawa. Amma zan gaya miki gaskiya, ni ma da na kai wurin kwalbar nan sai da na ajiye takardarki na yi salati. Shekaruna da yawa a aikin jarida, na sha ganin ƙugiya ta faɗi a wurin buga labari mu yi dariya mu wuce. Ban taɓa kawo wa raina za ta iya kwantar da yarinya a asibiti ba. Kin ga ban jira ranar fitowar wannan shafi ba, na aika miki da amsar nan a ranar da wasiƙarki ta iso. Da izininki nake buga ta yanzu saboda wasu.

Kafin maganar Yaya, kafin ta Anti, akwai wadda ta fi su gaggawa, kuma a tsakiyar wasiƙarki kika binne ta. Kwalba ɗari biyu da goma sha huɗu. Gyaran da kika yi ya tsare waɗanda za a buga gobe, bai taɓa waɗanda suke kan tebur da saman firiji a gidajen mutane ba. Wataƙila a yau ɗin nan akwai wata uwa da ke karanta wannan takarda. Ke kaɗai ce a duniya kika san akwai haɗarin, kuma sunayensu da lambobin wayarsu suna hannunki. Ba ki da ikon kiransu da kanki, aikin asibiti ne, kuma asibiti ba zai kira ba sai ya sani. Wannan kaɗai ya rufe ƙofar yin shiru. Shawarar mijinki ta ƙauna ce, amma ya yi ta ne yana kallon ke kaɗai.

Don haka gobe da safe, ba jibi ba. Ki fara da Yaya, ku biyu a ɗaki, minti goma ya isa. Ba don ta roƙa miki ba, sai don kada ta ji daga bakin mijinta. Daga nan ki wuce wurin Likita, ita ta zauna a gida. Kada ki sa ta a tsakiya, aiki ne ya haɗa ki da shi, a matsayin ma'aikaciya za ki je. Ki tafi da takardun gwajin nan shida da jerin sunayen waɗanda aka ba maganin a 'yan makonnin nan. Ki roƙe shi ku je reshe tare, ki mayar da tsohuwar kalmar a gabansa, ki buga ya gani da idonsa. Ki faɗa masa duka: layuka ukun, amsar da kika ba shi a ofis, da sauyin da kika yi a ɓoye. Na ƙarshen nan shi ne mai ɗaci, kuma shi za ki fi son tsallakewa. Kada ki tsallake. Kuskuren farko gaggawa ce. Amsar ofis mantuwa ce, na yarda da ke. Amma kwana taran nan da saninki suka wuce, kuma in wani ne ya gano su ba ke kika faɗa ba, ba wanda zai ƙara yarda cewa na farkon ma kuskure ne.

Kin tambaya ko laifin naki ne ke kaɗai, ko da ba ki faɗa da baki ba. A'a. Likita ya ga akwatuna ya ce a cire kafin gobe, bai tambayi me ya kawo su ba. Ya ɗora aikin da ran mutane ya rataya a kansa a wuyan sabuwar hannu, ba wanda yake duba bayanta. Ya yanke wa ma'aikaciyar shekara goma sha tara hukunci ba tare da ya taka zuwa reshe ya danna maɓalli ɗaya ba. Ita ma Anti, ƙa'idar aikinta ce ta karanta takarda kafin ta miƙa, kuma ta san idonta ya fara rauni. Duk wannan gaskiya ne, amma ba ke za ki faɗe shi gobe ba. Ki ɗauki naki kason ki ajiye a gabansa. Mutumin da ya damu har ya so majinyata su karanta umarnin magani da harshensu zai gane nasa kason da kansa, ko da sai ya gama faɗa.

Zai yi faɗa, ki shirya. Mai yiwuwa ya karɓe aikin, mai yiwuwa gidan Yaya ya yi miki sanyi na wasu watanni. Ba zan ce miki ba abin da zai faru ba. Maganar kotu kuwa, ki nemi lauya ki ji matsayinki, wannan ba rashin gaskiya ba ne. Amma ki sani, takardar da Likita yake shirin aika wa hukuma, in ta tafi da sunan Anti, rahoton ƙarya ne da sa hannunsa. Ranar da gaskiya ta fito, shi da asibitinsa za su fi kowa shan wuya. Shirun da kike ganin kare gidan Yaya ne, rami ne kike haƙa musu.

Iyayen yarinyar kuma hakkinsu ne asibiti ya kira su ya yi musu bayani, har da kakar da mijin, a zaune wuri ɗaya. Uwar nan ta karanta abin da aka rubuta daidai, ta bi shi ba fashi. A faɗa a gaban dangin mijinta cewa karatunta bai yi kuskure ba, takardar ce ta yi.

Game da manhajar, na tambayi wani masani da ke kula da na'urorinmu a nan, ga abin da ya ce in isar miki. Ki cire layukan nan uku gaba ɗaya. Na'urar da ba ta gane harafi ba, gara ta tsaya ta ƙi bugawa ta yi ƙorafi, da ta sauya shi a ɓoye. Akwatunan da suka ba Likita haushi gargaɗi ne, kika rufe musu baki. Ki ajiye rubutunki a tsari guda wanda ya ƙunshi dukan haruffa, tun daga inda ake shigar da shi har inda yake fita, kada ki bar kowace na'ura ta yi miki nata awon. Ki tanadi jimla ɗaya mai ɗauke da duk haruffanmu masu ƙugiya, manya da ƙanana, a riƙa buga ta a kowace kwamfuta da kowace na'urar bugawa kafin a fara aiki da ita. Tsohuwar ta reshe, in ba za ta iya ba, a yi mata ritaya. Ni kuma na ƙara nawa: ki zauna da masu ba da magani ku bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, duk wadda faɗuwar ƙugiya za ta juya ma'anarta a sauya ta.

Saura Anti. Ki je gidanta jibi kamar yadda kuka yi, bayan kin gama da Likita. Kada ki tafi da tsaraba, kada ki tafi da rakiya. Ki zauna ƙasa ki gaya mata cewa hannunta bai taɓa rubutun nan ba. Ki yi ƙoƙari ki riƙe kukanki har ki gama, don irin matar da kika kwatanta, in kika fashe da kuka za ta manta da nata ciwon ta koma lallashinki, ki fito ba ki ba ta komai ba. Ki bar ta ta yi fushi in tana so, ki bar ta ta yi shiru in shi ta zaɓa. Kada ki roƙi yafiya a ranar kamar abin da dole ta ba ki kafin ki tashi. Mako uku ta yi tana zargin kanta da cutar da 'yar mutane. Abin da kika je yi shi ne ki sauke mata wannan, sauran ya biyo baya a lokacin da ta ga dama.

Kuma kada ki bar sana'ar. Muna da ƙarancin masu wannan ilimi da suka san harshenmu, kuma daga yau babu wanda zai fi ki taka-tsantsan da shi.

Allah ya ba yarinyar lafiya mai ɗorewa, ya mayar wa Anti da mutuncinta a idon jama'a, ya sanyaya zuciyar Yaya da mijinta. Ke kuma Allah ya ba ki ƙarfin gwiwar tashi da wuri gobe.

Gwaggonku